Ga mai neman sunan lokacin sanyi don 'yarta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a samu. Kin ce ƙarshen Disamba ake sa ran haihuwar, an kuma ga mace ce, kina son suna mai alaƙa da lokacin sanyi, har kin kawo guda uku da suka kwanta miki: Elsa, Neve da Noelle. Ni ma 'yata ta biyu cikin tsananin sanyi ta zo, na sha irin wannan neman, to bari in gaya miki abin da na tarar.

Kada ki dogara da jerin sunayen nan da ake yaɗawa a intanet. Wani ya kwafo daga wani, kowa ya liƙa ma'anar da ta yi masa daɗi. Duk sunan da ya burge ki, bi shi har harshen da ya fito, ki ji me masu shi suke nufi da shi.

Ɗauki Elsa. Babu sanyi a cikinsa ko kaɗan. Taƙaitaccen Elizabeth ne da Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka daɗe suna sawa. Wani fim ɗin zane na yara da ya fito a 2013 ne ya sa mutane ke haɗa shi da ƙanƙara. Suna ne mai daɗi, amma ki sani 'yan ajinsu da waccan sarauniyar fim ɗin za su riƙa tsokanarta. Neve kuwa gaskiya ne, dusar ƙanƙara yake nufi a harshen Italiya da na Fotugal. Sai dai akwai wani Neve ɗin na mutanen Ailan, wanda asalinsa Niamh ne, mai nufin haske. Matsalarsa ɗaya ce, bakin dangi. Harafin v ɗin nan ba kowa ke iya furta shi ba, kafin ki ankara kakarta ta mayar da ita Nebe, kuma haka zai bi ta.

Noelle ne nake so ki tsaya a kai sosai. Daga kalmar Faransanci ta Kirsimeti aka ciro shi, Natalie da Natalia kuma asalinsu Latin ne, amma duk haihuwar Annabi Isa (AS) suke nuni gare ta. Idan gidanku Kirista ne, wannan ƙarin armashi ne. Idan ba haka ba, gara ki sani tun yanzu da a ce yarinya ta girma ta gano da kanta. Haka Nieves na Sifaniyawa: ma'anarsa ƙanƙara, amma laƙabi ne na Nana Maryamu a cocin Katolika, daga labarin dusar da aka ce ta sauka a birnin Roma cikin tsakar zafi. Ranar 5 ga Agusta ake bikinsa, kin ga ma ba sunan hunturu ba ne. Aurora da ake sawa a jerin saboda hasken da ke bayyana a samaniyar ƙasashen arewa, shi kuma sunan abar bautar Romawa ne ta ketowar alfijir.

Akwai waɗanda ba su ɗauke da wannan nauyin, kuma suna da sauƙi a baki. Lumi dusar ƙanƙara ce a harshen Finland, Eira kuma a harshen mutanen Wels. Kurdawa suna da Berfin. Turkawa suna da Kardelen, sunan wata farar fure da ke huda ƙanƙara ta fito tun sanyi bai gama wucewa ba. Yana da tsawo, amma ma'anarsa ta fi ta sauran burge ni. Yuki na Japan sai an yi hattara, domin ma'anar tana bin yadda aka rubuta shi da haruffansu, wani rubutun dusa, wani farin ciki, kuma har maza ana sa wa. Tunda ƙarshen Disamba kike jira, duba Yalda. A Iran da Afganistan haka ake kiran daren da ya fi kowane tsawo a shekara, wanda ke faɗowa 20 ko 21 ga Disamba, kuma suna sa wa 'ya'ya mata. Asalin kalmar haihuwa take nufi.

Mu dai a Larabci muka samu mafita. A ƙasashen Sham lokacin sanyi shi ne lokacin ruwa, shi ya sa sunayensu na wannan yanayi suka fi karkata ga ruwan sama da raɓa. Na so Dima, wato ruwan da ke zuba a hankali ba tsawa ba walƙiya, sai maigidana ya tuna min cewa a Rasha sunan maza ne, gajeren Dmitri. Muka tsaya a kan Nada, raɓa, wanda kuma ke ɗauke da ma'anar karamci. Harafi huɗu, babu wanda ya taɓa karya shi, daga tsoho har yaro, kuma ba mu taɓa samun kuskuren rubutu a takardunta ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Suna mai ɗigo ko alama a saman harafi, irin Snežana na mutanen Sabiya, kowane ma'aikaci da yadda zai shigar da shi a kwamfuta, ranar da za a yi fasfo sai a ga takardar haihuwa da ta makaranta sun sha bamban.

Abin da na yi kafin mu yanke shawara shi ne na haɗa sunan da na mahaifinta na kira da ƙarfi, kamar ana kiran rajista a aji, sannan na sa Dakta a gabansa, na kuma ƙaddara tsohuwa ce mai jikoki ake kira da shi. Da yawa a nan suka faɗi. Gwada naki ukun haka.

Kuma kada ki ɗaure sunan da wata rana guda, don jariri ba ya bin lissafin likita. Idan Yalda kika zaɓa ta kuma zo a Janairu, ba abin da ya ɓaci. In kuwa maigida ko iyaye suna da sunan da suke so, ba sai an ja ba: a sa nasu a farko, naki na sanyin ya zo na biyu a takardar haihuwa, ke ki riƙa kiranta da shi a gida.