Sridevi ma baƙuwa ce a Hindi: amsa ga Yayata ta Kano

Yaya, tambaya biyu kika yi mini a saƙonki, kuma zan haɗa su don tushensu ɗaya ne. Kin ce wane yare ne yaran ke yi a bidiyon bikin maƙwabta da na turo miki, tunda bai yi kama da wanda kika saba ji a fim ba. Sannan kika ce ko mu da muka zauna a Haidarabad mun saki 'ya'yanmu sun zama Indiyawa. Na san ta biyun ce ta hana ki sukuni.

Telugu suke yi, harshen jihohin Telangana, inda Haidarabad take, da Andhra Pradesh a kudancin Indiya. Ba shi da dangantaka ta jini da Hindi. Wanda ya tashi a Delhi, in aka sauke shi a wani ƙauye na nan, ba zai tsinci komai a hirar mutane ba, ko allon kanti ba zai iya karantawa ba, don rubutun ma nasu daban ne. Kundin tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22. Huɗu daga cikinsu, Tamil da Telugu da Malayalam da Kannada, su ne manyan harsunan kudu, kowanne da haruffansa da masana'antar fim ɗinsa da jarumansa.

Matar da za ta fahimtar da ke wannan kin fi ni saninta, don ke ce kike aro mana kaset ɗin Nagina muna yara. Sridevi nake nufi. Mu a gida mun ɗauka ita ce asalin 'yar Hindi. A nan kuwa, ki faɗi haka gaban wata tsohuwa ki ga yadda za ta gyara zama.

An haife ta ranar 13 ga Agusta 1963 a wani ƙauye kusa da Sivakasi, jihar Tamil Nadu. Mahaifinta lauya ne mai jin Tamil, mahaifiyarta kuma 'yar Telugu ce, ke nan da harshe biyu ta buɗe baki. Tana da shekara huɗu aka fara sa ta a fim ɗin Tamil, a 1967. A wancan zamanin Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, ita ce cibiyar finafinan kudu gaba ɗaya, har na Telugu can ake yin su kafin masana'antar ta taso ta dawo Haidarabad. Saboda haka yarinya mai baiwa za ta fito daga wannan ɗakin ɗaukar ta shiga wancan, harshe ya sauya, aiki bai tsaya ba. A 1971 jihar Kerala ta ba ta lambar yabo ta yara kan wani fim na Malayalam.

Wannan ɓangaren na rayuwarta yana sosa mini rai. Yarinya ce da ba ta samu zaman aji yadda ya kamata ba. A 1976, tana 'yar shekara 13, aka ba ta matsayin babbar mace a Moondru Mudichu tare da Kamal Haasan da Rajinikanth, inda ta ƙare a matsayin matar uban Rajinikanth. A 1972 ta fito jikar babban jarumi N. T. Rama Rao a wani fim na Telugu, a 1979 kuma aka haɗa su a matsayin masoya, alhali ya ba ta shekara arba'in. Mutanen nan suna ba da wannan labari da alfahari. Ni da nake da 'ya mace, tausayinta nake ji duk lokacin da aka ɗauko shi.

Lokacin da ta nufi Bombay, wato Mumbai ta yanzu, cibiyar finafinan Hindi, ta riga ta zama tauraruwa a kudu, amma Hindi ba ta iya ba. Fim ɗinta na farko a matsayin jaruma a can, Solva Sawan na 1979, bai karɓu ba, ta koma inda ta fito. Sai a 1983 Himmatwala ya buɗe mata ƙofa, shi ma labarin Telugu ne aka sake ɗauka da Hindi, mai ba da umarnin ma ɗan Telugu ne, K. Raghavendra Rao. Ga abin da ba mu sani ba muna gaban talabijin: a yawancin finafinanta na Hindi na wancan lokacin, muryar da muke ji ba tata ba ce. Wata tsohuwar 'yar fim mai suna Naaz ce ke ɗora mata murya, a Aakhree Raasta na 1986 kuwa Rekha ce ta yi. Ita Sridevi haddace kalmomin take yi ta motsa baki, sauran aikin ta bar wa ido da fuska. Chandni na 1989 shi aka fi ambata a matsayin inda ta karɓi muryarta da kanta. Ina ganin wannan ne ya sa ta shiga ranmu a Kano, mu da ba ma jin ko kalma: ta saba isar da magana ga wanda ba su haɗa harshe ba.

Har gobe haka ake yi. Jarumai mata da yawa a finafinan Telugu daga wasu jihohi suke zuwa, wata ce ke magana a madadinsu. Finafinan Prabhas da Allu Arjun da kuke kallo a fassarar Algaita, asalinsu Telugu ne, a garin nan ake yin yawancinsu.

To ga yadda muke zaune. Hausawan nan ba mu da yawa: ɗalibai, da masu raka marasa lafiya asibiti suna yi musu tafinta, da 'yan kasuwa. Da damanmu muna wajen Tolichowki, unguwar da ke cike da masallatai da 'yan Somaliya da Sudan da Yaman. Da mai keke da mai nama, Urdun Haidarabad muke yi. A asibiti da ofis, Turanci. Telugu kuma yara ne suka fi mu, don tun 2018 jihar Telangana ta yi dokar koyar da shi dole a makarantu, ga shi kuma da shi suke wasa a ƙasan bene. Hausa tana da wurinta da ba a taɓa mata. A gidana da gidajen da nake shiga, da an cire takalmi a bakin ƙofa sai Hausa. Yaro ya nemi ruwa da wani yare, sai a ce ba a ji ba, ya maimaita. Gaisuwa da durƙuso, ba a ɗaga ƙafa a kai. Ranar suna kuwa za ki rantse a Fagge kike, don garin dawa yana nan a kowace kasuwa, yakuwa ma suna cin ta fiye da mu, gongura suke ce mata. Kuka da daddawa ne kawai sai an kawo daga gida.

Sinima ba kowa ke zuwa ba a cikinmu. Samari kan je, su dawo su ba da labarin yadda ake kwarara madara a kan ƙaton hoton jarumi ranar da fim ɗinsa ya fito. Mu mata a gida muke kallo, yawanci bayan an watse daga wani taro.

A irin wannan zaman muka kalli English Vinglish. Sridevi ta auri furodusa Boney Kapoor a 1996, ta bar fim bayan 1997 ta yi renon 'ya'yanta mata biyu, sai a 2012 ta dawo da wannan. Labarin matar aure ce mai sana'ar kayan zaƙi, mijinta da 'yarta suna yi mata dariya don ba ta iya Turanci ba. Akwai inda ta je makarantar 'yar, yarinyar tana jin kunyar uwarta gaban mutane. Muna zaune a kan tabarma, faranti a tsakiya, sai ɗakin ya yi tsit. Wata amarya da ba ta daɗe da zuwa ba ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu wadda ta tambaye ta dalili, domin kusan kowaccenmu ta taɓa tsayawa gaban malamar aji ɗanta yana yi mata tafinta, wani lokacin har ya gyara mata magana a gaban baƙi. Daga ranar muka ƙara ƙarfafa wa juna gwiwa kan koyon yaren gari, muka kuma tsaya a kan cewa yaro ba ya gyara wa uwarsa harshe a bainar jama'a. In zai gyara, ya bari a koma ɗaki.

Da ta rasu a Dubai ranar 24 ga Fabrairu 2018, tana da shekara 54, a Mumbai aka yi mata jana'izar girmamawa ta gwamnati, amma makoki ya game kudu. Mutanen Chennai suna cewa 'yarsu ce, mutanen nan suna kiran ta da laƙabin da ta samu daga fim ɗinta da Chiranjeevi na 1990, Atiloka Sundari, wato kyakkyawar da ta fito daga wata duniya. Maƙwabciyata, dattijuwa 'yar Telugu, ta wuni gaban talabijin tana share hawaye, ba ta ambaci fim ɗin Hindi ko ɗaya ba. Finafinai kusan 300 ta yi a harsuna biyar cikin shekara hamsin. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri a 2013, lambar gwarzuwar jaruma ta ƙasa kuma ta zo ne bayan rasuwarta, kan fim ɗin Mom na 2017. Ban taɓa jin wani a nan ya ce ta bar asalinta don ta yi Hindi ba. Yaro mai harshe uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan, kuma haka suke kallon namu.

Duk da haka damuwarki tana da gurbi, ba zan ɓoye miki ba. Yaran suna jin Hausa sarai, suna mayarwa, amma Hausar cikin gida ce, ta abinci da aike da faɗa. Karin magana ba su da shi. Ba sa iya karanta ta da sauri, ƙaramin ma yana rikita harafi mai lanƙwasa da marar lanƙwasa. Mun fara haɗa su ranar Lahadi bayan karatun allo, wani ɗalibi daga Zariya yana koya musu rubutu, sai dai littattafai sun yi mana ƙaranci. Idan akwai mai tahowa, ki haɗo mana da na firamare ko da tsofaffi ne. Ki kuma riƙa aiko musu da tatsuniya ta saƙon murya, irin wadda Inna ke yi mana, don sun fi sauraron ki a kaina. Hutunsu na zafi yana farawa ƙarshen Afrilu ya kai farkon Yuni, kuma mun yi shawara da babansu cewa na bana a wurinki za su yi shi, in Allah ya yarda.