Waliyyi ba lallai ne ya zama uba ba

Ka tambaye ni kan takardar auren nan da mutanen Sabon Zangon Ankara, babban birnin Gana, suka ba ka, ta kakarsu. Ka ce su sun san mahaifinta da suna ɗaya, ita kuma takarda ta kawo wani sunan a gurbin waliyyi, to wa za ka bi, takarda ko bakin mutane?

Ɗana, kada ka yi gaggawar goge abin da suka gaya maka. Kai ma ka sha zuwa ɗaurin aure. Sau nawa ka ga uba ya ba da 'yarsa da bakinsa? Yawanci yana can gefe yana gaisawa da baƙi, wansa ko ƙanensa ne ke zaune gaban liman yana cewa "mun bayar". In kuwa uban ya rasu, ko yana can Gwanja wajen fataucin goro, sai wanda ya riƙe yarinyar ya tsaya mata. Takardar ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka ɗora mata maganar da ba ta faɗa ba. Ni da nake maka wannan faɗan, ina sabon shiga aikin binciken salsala na taɓa mayar da baffa uba, na zana salsala shafi guda ina ta jin daɗi. Da aka karanta wa wata gwaggo sai ta tuntsire da dariya, ta ce ai wannan bawan Allah ko ɓari ba a taɓa yi masa ba.

Ka kuma san irin abin da ke hannunka. A 1907 Turawan Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, suka yi dokar rajistar auren Musulmi: a kai wa Disi, wato Baturen gunduma, cikin mako guda da ɗaurawa, ango ya sa hannu, da waliyyi, da shaidu biyu, da malamin da gwamnati ta ba lasisi. Mutanenmu ba su cika zuwa ba, tunda a wurinsu an karɓi sadaki, an raba goro, an shafa fatiha, magana ta ƙare. Saboda haka wanda ya ɗauki ƙafa ya je ofis yana da dalili. Ko ma'aikacin gwamnati ne, ko soja, ko mai gida da fili da ke gudun rigimar gado. Ka tambayi dangin wanne ne angon.

Shaidun nan biyu kuwa, su ne naman takardar, kuma su almajirai suka fi tsallakewa. Ba a kamo baƙo a hanya a ce ya zo ya yi shaida. Maƙwabci ne, ko abokin fatauci, ko ɗan garinsu. In ka ga an liƙa wa ɗayansu Kano ko Katsina a ƙarshen suna, ka sami bakin zare, sai dai ka ja a hankali, don a zango duk wanda ya biyo ayarin Kanawa ana iya kiransa ɗan Kano ko da Bazazzagi ne. Ka nemi jikokinsu, wani lokaci abin da gidan amarya ya manta yana nan a gidan shaida.

Rubutun suna kada ya ruɗe ka. Akawun ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta, sai Audu ya koma Awudu. Ka duba ko wani ya sa hannu da ajami, wannan ya fi na akawu inganci. Shekarun amarya kuwa ƙiyasi ne, da ido aka auna. Inda kwanan wata ya goge, duba sadaki: fam da sule na nufin kafin 1965, shekarar da kuɗin sidi ya fito a Gana.

Gobe ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka mayar musu da abarsu, kuma ka roƙe su kada su kai ta a manna mata leda da zafi. Sannan ka je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan da ɗan goronka. Kada ka ce mata takarda ta ce kaza. Faɗi sunan waliyyin kawai, ka ce, "Iya, wane ne wannan a wurinku?" sai ka ja bakinka ka yi shiru.