Tambarina ya cakuɗe a wuyan riga, ina matsalar take?

Tambaya: Ni mai ɗinkin kayan mata ce, kuma da sunana aka san aikina. An zana mini tambari mai kambi da almakashi da allura, ga sunana cikin lanƙwasasshen rubutu mai ruwan zinare. A waya yana da kyau, amma da aka saƙa shi a ƙyallen wuyan riga sai ya cakuɗe. Me zan gyara?

Amsa: Malama, laifin ba na masu saƙa ba ne, zanen ne aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ruwan zinaren da kike gani a waya launuka ne da yawa da ke narkewa cikin juna, daga rawaya zuwa ruwan ƙasa, zare kuwa launi ɗaya yake da shi, kuma siraran layukan rubutun ba sa samun wurin zama a ƙyallen da bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

Shawarata ita ce ki sauke kambin da almakashin, domin telolin da ke amfani da su ba sa ƙirguwa, ki bar sunanki ko harafinsa na farko ya ɗauki nauyin. Alamar Nike, wadda Carolyn Davidson ta zana a 1971 a kan dala 35, lanƙwasa ɗaya ce tak. Kafin ki amince da sabon zane, ki sa a buga shi da baƙi zalla a farar takarda, a rage shi zuwa girman farcen babban yatsa, sannan ki gwada shi cikin da'irar hoton WhatsApp, wadda ke yanke kusurwoyi. Idan sunanki yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ki duba da kyau, saboda yawancin salon rubutun ado ba su da waɗannan haruffa, wasu masu zane kuma sai su cire ƙugiyar su yi shiru.

Idan kin biya kuɗin aiki, kada ki tsaya a hoton JPEG da aka turo miki ta waya. Ki nemi ainihin fayil ɗin, irin SVG ko AI (fayil ɗin manhajar zane ta Adobe Illustrator), wanda za a iya faɗaɗa shi har allon shago bai dushe ba, tare da rubutacciyar yarjejeniya cewa zanen ya zama mallakarki.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ta kare tambari, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Najeriya ana yi wa tambari rajista ne a ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A rabe-raben kayan da ake yi wa rajista, tufafi suna aji na 25, rajistar farko tana aiki na tsawon shekara 7, daga nan kuma ana sabunta ta duk bayan shekara 14.