Ki karɓi koyarwar, amma kada ki saki asibiti

Wallahi ƙanwata, ina karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce an ba ki gurbin koyarwa a jami'a, kina tunanin ajiye aikin gyaran magana da kike yi a asibiti, kuma kin rasa fannin da za ki riƙe, na yara ko na manya. Ki karɓa, Allah ya sanya alheri. Amma tun kafin ki sa hannu, ki nemi a ware miki ranar ganin marasa lafiya kowane mako, kuma a rubuce, don alkawarin baki shi ya cuce ni.

Wanda ya ɗauke ni ya ce ba matsala, yana sauka daga shugabancin sashe wani ya hau. Sabon shugaban nan, Allah dai ya isa. A gaban taron malamai ya dube ni ya ce, "Ke malama ce ko nas?" Aka kwashe da dariya. Ya soke ranar asibitina, ya jibga mini kwasa-kwasan 'yan aji ɗaya da kowa ke gudu, ya ƙara mini da aikin tattara sakamakon jarrabawa. Binciken da na yi kan yara masu in'ina, ni na bi makarantun firamare da kuɗin motata, ni na zauna da iyaye, da aka zo bugawa sai ga sunansa a gaban nawa. Ban ce uffan ba, don shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmana. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da wata ɗalibata ta kawo mahaifinta da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Dattijo yana gane duk abin da ake faɗa, kalma ce ta ƙi fita. Na zauna gabansa na ji hannuna ya yi sanyi, abin da nake yi da ido rufe a da sai da na tsaya tunani. Na koma ofis na kulle ƙofa na yi kuka. Har yau idan na haɗu da mutumin nan a taro gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Batun fanni kuwa, ki duba waɗanda ke zuwa wajenki. Kowa wajen yara yake rugawa, jinkirin magana da in'ina, alhali manya masu shanyewar ɓarin jiki sun cika asibitoci, ga matsalar haɗiya da ba a cika kula da ita ba, abinci ya bi hanyar huhu ya jawo ciwon da zai iya kisa. Akwai masu tsagewar leɓe da ganda, waɗanda bayan tiyata maganarsu ke fita ta hanci. Asibitin Sakkwato na cutar noma, mai cinye baki da fuskar yara, ma ya ishe ki misalin masu bukatarmu. Sai masu aiki da murya, ladanai da malaman makaranta, da muryarsu ke dushewa.

Kuma don Allah ki yi bincikenki a kan Hausa. Yawancin gwaje-gwajen da muke koyarwa a kan yaran Amurka da Ingila aka auna su. Yaronmu ya kasa bambanta p da f a Turanci a rubuta masa cuta, alhali harshensa ne haka. Wa ya tsaya ya auna shekarun da yaro Bahaushe ke iya furta ƙ, ɗ, ɓ da ts? Digirin digirgir ɗinki yana nan kwance, kuma in babu shi ba za ki kai babbar malama ba. Ki nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, da wuri, layin yana da tsawo.

Kada ki bari rajistarki da hukumar MRTB, mai ba mu lasisin aiki, ta mutu don kin koma aji, ki kuma riƙa zuwa taron SPAAN, ƙungiyarmu ta masu gyaran magana da ji. Can za ki haɗu da mutanen Ibadan da Jos, su suka daɗe a harkar ta ɓangaren ilimin masu bukata ta musamman. Wata ƙawata da ke Amurka ta ce min can sai ka yi digiri na biyu da awa 400 na aikin asibiti ƙarƙashin kulawa kafin ASHA, ƙungiyarsu ta masu gyaran magana da ji, ta kalle ka. Mu nan ɗalibi zai iya gamawa bai taɓa zama da mai in'ina ba, saboda malamarsa ma an hana ta.

Af, batun albashi. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas muka yi a gida ba ko sisi, iyayen yaran da nake gani da yamma su suka riƙe ni. Ki sanar da maigidanki wannan tun yanzu. Wane sashe ne ma ya ɗauke ki, na ilimi ko na kiwon lafiya? Ki gaya min, don tsarin ƙarin girmansu ba ɗaya ba ne.