Aiki a tashar bincike ta Antatika: sanyi ne babbar wahalar?

Malam, ka tambaya ko sanyi ne babbar wahalar zama a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Sanyin akwai shi, amma duhu da kaɗaici sun fi cin rai.

A tashar Amundsen-Scott ta Amurka, rana na faɗuwa a watan Maris, sai Satumba take sake fitowa. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba jirgin sama ba ya zuwa. Ruwa kuwa ƙanƙara ake narkarwa, shi ya sa wanka minti 2 ne, sau biyu a mako. Ga bushewar iska, leɓe har tsagewa yake yi.

Don Allah kada ka ɓoye wa likita komai wajen gwajin lafiyar da ake yi kafin tafiya, ko da ciwon haƙori ne. Batun lokutan salla da azumi kuma, tuntuɓi malami tun kafin ka tashi.