Agogo mai ECG zai iya gaya min zuciyar Baba za ta tsaya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Babanmu na fama da hawan jini, sai na siyo masa agogon nan na zamani mai ECG, wato mai auna lantarkin zuciya ya nuna shi a zane. In zuciyarsa za ta tsaya, Allah ya kiyaye, agogon zai nuna mana tun da wuri?

Amsa: Amin, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya ɗan'uwa kar ka dogara da shi a wannan.

Fara duba ko ma ECG ɗin na gaske ne. Yawancin masu arha da ke kasuwa koren haske ne kawai a bayansu yana ƙirga bugu, zanen nan mai hawa da sauka kuma ado ne. Ɗaura shi a kwalba ka gani, in ya ci gaba da zane to ka san me ka siya.

Na gasken ma, irin Apple Watch tun daga Series 4 na 2018, sai mutum ya zauna ya ɗora yatsa a maɓallin gefe na sakan 30, kuma ta fuska ɗaya tak yake kallon zuciya, alhali na asibiti wayoyi 10 ake manna maka a ƙirji da hannu da ƙafa su ba da fuska 12. Abin da agogon ya iya shi ne gano bugun da ya rasa tsari, wanda likitoci ke kira AFib. Apple da kansu sun rubuta cewa ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. To balle wanda ya yanke jiki ya faɗi, wa zai ɗora yatsan?

In zuciya ta tsaya zanen ba iri ɗaya ba ne. Wani sa'in layin yana karkarwa ba kai ba gindi, wannan shi ake bugawa da lantarki, da na'urar AED, wadda ita ke karanta zanen da kanta ta faɗa maka da murya ka danna ko kar ka danna, ita ta taimaka aka ceto ɗan ƙwallon ƙafa Christian Eriksen a filin wasa a Denmark a 2021. Wani sa'in kuma layin a miƙe yake sambal, nan shokin ba ya aiki duk da abin da ake nunawa a fim.

In Baba ya faɗi ba ya amsawa ba ya numfashi daidai, manta da agogo, ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ciwon ƙirji ko gumi mai sanyi kuwa asibiti kai tsaye, ko agogon ya ce komai lafiya.