Koyiloba a kan titin Legas: amsa ga mai FR-S na Agege

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka: motarka Scion FR-S ce ta 2014, tokumbo daga Amurka, kana zaune a Agege kana aiki a Victoria Island, shok ɗin baya ya fara yoyon mai, kuma tunda dole a canza, kana so ka sa koyiloba gaba ɗaya, wato shok da sifirin a haɗe masu zare a jiki da ake daidaita tsayin mota da shi, ka saukar da motar kamar santimita 5. Kana tsakanin BC Racing BR, Tein Flex Z da KW V3. Na daɗe ina hawa ƙananan motoci masu gudu a garin nan, kuma na sa irin waɗannan kaya a nawa da na abokai, don haka bari in gaya maka yadda nake gani.

Maganar santimita 5 ɗin nan, ka cire ta daga ranka. Motarka, wadda ita ce dai Toyota 86 ko Subaru BRZ da wani suna, tun daga kamfani tazarar cikinta da ƙasa kusan santimita 13 ce kacal. Ka cire 5, me ya rage? Tudun rage gudu na unguwanni, waɗanda kowane layi ke zuba nasa da siminti yadda ya ga dama, su kaɗai sun isa su cinye maka bamba da salansa. Ga gangaren shiga gidan mai, ga bakin kwalbati a ƙofar gida. Sannan ga damina. Daga Yuni zuwa Yuli ka san yadda ruwa ke kwanciya a Lekki da Ikoyi da wasu sassan Agege, kuma motar da ke jan ciki ita ce ta farkon shan ruwa ta hancin inji. Inji in ya zuƙi ruwa ba maganar shok ake yi ba kuma. Santimita 2, in ka matsa 2 da rabi, shi ne iyakar abin da zan yarda da shi ga motar da ke fita kullum.

Akwai wani dalilin da ya fi na gogar ƙasa muhimmanci, mutane ba su cika lura da shi ba. Shok yana da iyakar tafiyar da zai yi kafin ya daki robar tsayawa da ke can ƙarshensa. Wannan motar kuwa an san ta da gajeriyar tafiya a baya. Duk saukarwar da ka yi ta sifirin, daga cikin wannan 'yar tafiyar kake ɗiba. In ta ƙare, ramin da ka faɗa ba sifirin ne zai sha shi ba, jikin motar ne da bayanka. Yawancin masu cewa koyiloba tauri gare shi, ba taurin sifirin ke damunsu ba, motar ce ke zaune a kan robar tsayawa tun kafin a tashe ta. Ka hau gadar Third Mainland da irin wannan saiti, kowace mahaɗar gada za ka ji ta har cikin haƙoranka, bayan motar kuma yana tsalle gefe in kana cikin 'yar kwana, wanda hatsari ne ba rashin daɗi kawai ba.

To sai ƙarfin sifirin. Ana rubuta shi da kilo a kan milimita, ko fam a kan inci a kayan Amurka, kuma kilo 1 a kan milimita daidai yake da kusan fam 56 a kan inci. Na kamfani a motarka suna tsakanin 2 da 4 ne, na baya ya fi na gaba ƙarfi. Koyiloba da yawa suna zuwa da 6, wasu 8 ko sama da haka, domin an yi su ne da filin tsere mai santsi a rai. Mu nan filin tserenmu shi ne Ikorodu Road da danfo a gefe. Tsakanin 4 da 6 ya wadatar. Wasu kamfanonin, BC na cikinsu, suna ba ka damar zaɓen ƙarfin sifirin lokacin oda, to ka yi amfani da wannan damar, kada ka karɓi duk abin da mai shago ke da shi a kanta.

Yanzu ga kayan da ka lissafa. BC Racing na Taiwan ne, BR ɗinsu mai bututu ɗaya ne, yana da danni 30 na saita tauri, kuma ana daidaita tsayinsa ta ƙasan jikin shok ba tare da an taɓa matsin sifirin ba. Wannan abu ne mai kyau. Amma kada yawan danni ya ruɗe ka. Danni 30 ba ya nufin inganci 30. Maɓalli ɗaya ne ke juya matsewa da dawowa tare, kuma a ƙarshe za ka tsaya wuri guda ka manta da shi. Abin da ya fi damuna da shi a Legas shi ne kan sama na gaba, wato inda shok ke haɗuwa da jikin mota, wanda yawanci ƙwallon ƙarfe ne tsirara maimakon roba. A filin tsere yana sa sitiyari ya amsa da wuri. A nan kuwa ƙura da ruwa da ramuka suna cinye shi, sai ka fara jin ƙwas-ƙwas duk inda ka taka tsakuwa. In za ka ɗauke shi, ka tambaya ko akwai mai kan roba.

Tein Flex Z na Japan ne, mai bututu biyu, danni 16. Bututu biyu yakan fi laushi a ƙananan karkarwar titi, kuma in dutse ya lotsa jikin waje ba lallai ya kashe shok ɗin ba, saɓanin mai bututu ɗaya da fistan ke gogar bangon kai tsaye. A cikin masu sauƙin kuɗi, shi na fi jin daɗinsa a cikin gari. Sai dai a rufe yake, ba a buɗe shi a gyara, in ya mutu sai a sauya shi.

KW na Jamus ne, kuma abin da ya sa nake kallonsa ba saitinsa ba ne, jikinsa ne. Ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa. Wanda bai zauna kusa da teku ba ba zai gane darajar wannan ba. Iskar gishiri ta Island da ruwan kwata da muke ratsawa suna kama zaren koyiloba su haɗe shi da zoben saiti, har ya zama ko da sifana da guduma ba ya motsi. Na ga kaya masu tsada da suka koma kamar an yi musu walda, mai su ya biya kuɗin daidaitawa amma ba abin da zai iya daidaitawa. Shi V3 yana raba saitin matsewa da na dawowa, kowanne da maɓallinsa. Gaskiya ga mai zuwa ofis da dawowa wannan ya yi yawa, kuma in ba ka san abin da kake juyawa ba za ka iya lalata tafiyar motar da hannunka. KW V1 kuwa jikinsu ɗaya da V3, taurin an saita shi daga kamfani, tsayi kawai kake taɓawa, kuma ya fi araha sosai. Ka dai duba takardarsa, domin irin waɗannan ana saukar da su ne ta kujerar sifirin, kuma suna da mafi ƙarancin saukarwa da ba za ka iya ɗaga motar sama da shi ba.

In kuɗi ba matsala ba ne, Öhlins Road & Track na Suwidin yana da wani bawul da ke buɗewa idan taya ta sha duka na farat ɗaya, ya bar man ya wuce, sannan ya riƙe motar da kyau a kwana. Abin da titinmu ke buƙata ke nan. Amma yana son a riƙa buɗe shi ana sabis, kuma kafin ka saya ka tabbatar wa zai yi maka wannan aikin da kuma nawa ne kuɗin aika shi waje in ta kama.

Akwai kuma hanyar da ba ka kawo ba, wadda da ƙanena na ciki ɗaya ne kai ita zan fara nuna maka: shok mai kyau da sifirin kawai, ba koyiloba ba. Bilstein B6 a kan sifirin ɗinka na asali, ko B8 da sifirin mai ɗan saukarwa irin Eibach Pro-Kit, ko Koni Sport mai ruwan ɗorawa. Ba zaren da zai yi tsatsa, ba saitin da bakanike zai rikita, kan sama na roba na nan yadda yake, motar kuma za ta daina lilo a kwana da nitsewa a burki. In ba ka da niyyar shiga gasa ko auna nauyin kowace taya, wannan ya biya buƙata.

Wajen saye, a yi hattara. A kasuwannin Ladipo da Trade Fair akwai na gaske, akwai tokumbo, akwai kuma jabu da aka yi wa fenti da sitika. Koyiloba tokumbo ni ba na saye, don ba ka san ramukan da ya sha ba kafin ya iso, kuma yoyon ciki ba ya nunawa a ido. Ka nemi lambar jikin kayan ka tabbatar da ita wurin kamfanin, ka ga kwali da sifanonin saiti da takarda. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, akwai dalili.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a garejin da kanka. A wanke zaren a shafa masa man hana tsatsa kafin a ɗaura, in da hali a sa masa riga. Duk boltin da ke ratsa bushin roba kada a ƙulle shi motar na rataye a kan jak, sai ta sauka ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar na murɗe kullum kuma ba za ta daɗe ba. A auna tsayi daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a kowane gefe, a kan daɓe mai daidai. Ka yi 'yan kwanaki kana hawa sifirin ya zauna, sannan ka je alaimen na kwamfuta, ƙafa huɗu, domin saukarwa na canza kwanciyar taya kuma tayoyin baya za su cinye ta ciki in ka bari. Saitin tauri ka fara daga wanda kamfani ya rubuta, ka sassauta danni biyu-biyu kana gwadawa a hanyar da ka saba bi.

Wili kuma ka bar shi a inci 17 da tayarka 215/45. In ka koma 18 da siririyar taya a kan sifirin mai tauri, ramin farko a Agege Motor Road zai lanƙwasa maka shi. Ka turo mana hoton ƙafar baya da kuma kasafin da ka ware, a cikin Naira ko dala, sai mu ga ko V1 ne ko Bilstein zai shiga.